Yadda za ka shirya makonka na farko a dutsen zamiyar ƙanƙara

Ina da shekara 34 na fara ɗaura allunan zamiya a ƙafata, kuma har yau in na tuna kuɗin da na zubar a wancan makon sai na yi tsaki. Na sayi katin hawa, wato tikitin shiga na'urorin da ke kai mutum saman dutse, na kwana 6, irin wanda ke buɗe wa mutum hanyoyi masu tsawon ɗaruruwan kilomita, amma kusan iyakar abin da na taka wani ɗan tudu ne a bayan ƙauyen, wanda tsawonsa bai kai mita 200 ba, inda yara 'yan shekara huɗu ke wuce ni suna waƙa. Wata mata da ke share dusar ƙanƙara a ƙofar gidanta ce ta gaya mini a rana ta huɗu cewa hawa wannan tudun kyauta ne. Tun daga nan na koma tsaunukan Alps na Turai hunturu bakwai, kuma abin da na fahimta shi ne, sabon shiga ana tallata masa babban dutse, alhali abin da yake bukata ƙaramin tudu ne, da malami, da takalmin da ya zauna masa daidai.

Ka fara da koyon karanta labaran wuraren

Daga watan Nuwamba wuraren zamiya ke fara cika intanet da sanarwa: mun buɗe ranar kaza, dusa ta zuba santimita kaza, mun kafa sabuwar motar igiya, wato keken da ke rataye a waya yana kai mutane saman dutse. Hotunan duk masu kyau ne, don ba wanda ke ɗaukar hoton ciyawa ya sa a tallarsa. Aikinka shi ne ka nemo lambobin da ke ƙasan hoton.

Rahoton dusa yakan ba da zurfi biyu, na ƙololuwa da na gindin dutse. Na ƙololuwa ake rubutawa da manyan haruffa, amma kai ba can za ka wuni ba. Na gindi ne naka. In an ce sama akwai santimita 180, ƙasa kuwa 15, to tudun koyo na iya zama caɓi da laka. Sai ka duba ranar da dusa ta zuba na ƙarshe, da adadin hanyoyin da aka buɗe cikin waɗanda ake da su. Wurin da ya ce "mun buɗe" alhali hanya 9 ce ke aiki cikin 70, ya buɗe ne a takarda kawai.

Lambar da na fi amincewa da ita ita ce tsayin da sanyi ke kai sifili, wadda masu hasashen yanayin dutse ke bayarwa kullum. Dalilin ba wuya: duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Saboda haka ranar da ƙauyen da ke mita 1,000 yake da digiri 4 ana tsuga ruwan sama, wanda ke mita 2,000 yana ƙasa da sifili, dusa ce ke sauka masa. Girgije ɗaya ne, amma wani ya ɓata masa hutu, wani ya gyara masa. Gangaren da ke fuskantar arewa ma ya fi riƙe dusa, don rana ba ta dukansa sosai. Kada kuma ka saki jiki don an ce akwai injinan feshin dusa: ruwa suke fesawa cikin iska, kuma sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri biyu ko fiye kafin ruwan ya zama wani abu. In dare ya yi ɗumi, injinan tsaye suke kawai.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wuraren da ke ƙasa-ƙasa. La Sambuy, wani ƙaramin wurin zamiya kusa da Annecy a Faransa, an rufe shi baki ɗaya a 2023 saboda dusar ta daina zama tsawon lokacin da zai biya kuɗin gudanar da shi. To in ka ga masauki mai arha ƙwarai a wani ƙauye mai tsayin mita 900, ka tambayi kanka abin da ya sa.

Abu na ƙarshe, kusan kowane wuri yana da kyamarori masu nuna hoton kai tsaye. Ni mako biyu kafin tafiya nake fara leƙa ta ƙauyen kowace safiya. Ita ba ta iya talla.

Wane wuri, wane mako

Sunayen da kowa ya sani ba lallai su dace da kai ba. Chamonix, wanda ake furtawa Shamoni, shi ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, yana kwance a gindin dutsen Mont Blanc a Faransa, kuma ina ƙaunar garin. Amma wuraren zamiyarsa a warwatse suke cikin kwarin, sai ka shiga bas da takalmi mai nauyi daga wannan zuwa wancan, yawancin gangarensa kuma na gwanaye ne. Les 3 Vallées, wani babban yankin zamiya a Faransa, na alfahari da hanyoyi masu tsawon kilomita 600, wanda a makon farko ba za ka ga ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Val Thorens da ke cikinsa yana mita 2,300, ba garin zamiyar da ya fi shi tsayi a Turai, dusarsa tabbas ce daga ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu. Sai dai ba itatuwa a can, ranar da hazo ya sauko sama da ƙasa duk fari ne, ba ka gane tudu daga kwari, wasu kuma barci na yi musu wuya a daren farko saboda tsayin.

Ni abin da nake nema wa sabon shiga shi ne ƙauye tsakanin mita 1,500 da 2,000 ko kusa da haka, wanda filin koyonsa ke bakin gidaje. Alpe d'Huez a Faransa, mai tsayin mita 1,860, yana da faffaɗan fili mai sauƙin gangare a saman garin kai tsaye. Saas-Fee a Suwizalan, mita 1,800, motoci ba sa shiga cikinsa, filin koyo na gefen ƙauyen. Obergurgl a Ostiriya yana mita 1,930. Cervinia a Italiya, a bayan dutsen Matterhorn, dogayen hanyoyi masu laushi ne da ita, irin waɗanda mai kwana huɗu da farawa zai bi ya ji kamar ya iya. Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka buɗe taswira ka auna tafiyar ƙafa daga ƙofarsa zuwa inda ake taruwa don darasi. Mita 400 da takalmin zamiya, da alluna a kafaɗa, a kan titi mai santsi, ta fi kilomita biyu da takalmin gida.

Lokaci kuwa, makon Kirsimeti da na sabuwar shekara su ne mafi tsada, ga shi dusar ba ta gama taruwa ba a wasu shekarun. Fabrairu dusa ta yi kyau, amma hutun makarantun Faransa a lokacin yake, an raba ƙasar shiyya uku, A da B da C, suna fita bi da bi har tsawon mako huɗu, ga 'yan makarantar Ingila su ma sun sauko. Layin hawa sai ya zama kamar na rabon kyauta. Mako na biyu da na uku na Janairu sun fi arha da sarari, illarsu sanyi mai ratsa ƙashi da gajeriyar rana. Ni tsakiyar Maris na fi so: rana ta yi tsawo, yatsu ba sa daskarewa, sai dai da sassafe dusar na da tauri kamar siminti, bayan azahar kuma ta yi laushi ta yi nauyi. Ka duba kalandar manyan gasanni ma. A Janairu ake tseren Lauberhorn a Wengen ta Suwizalan da na Hahnenkamm a Kitzbühel ta Ostiriya, kuma a irin wannan makon ɗakuna na tsada, ana killace wasu hanyoyin. Kallo ne mai daɗi in shi ya kai ka, amma ba makon koyo ba ne.

Yawancin gidajen haya daga Asabar zuwa Asabar ake ba da su, don haka ranar Asabar hanyoyin kwari ke cushewa. In akwai jirgin ƙasa, ka bi shi. Daga tashar Bourg-Saint-Maurice a Faransa wani jirgin hawa dutse na kai mutum ƙauyen zamiya na Arc 1600 cikin kusan minti 7. Zermatt ta Suwizalan ma ba a shiga da mota, a Täsch ake ajiye ta a hau jirgi. In ka nace sai ka yi tuƙi, dokar Faransa ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a yankunan dutse da yawa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Ka gwada ɗaura sarƙar da rana a fili, tun kafin ka bukace ta da dare a gefen hanya.

Af, kada in manta: ba Turai kaɗai ke da wannan harka ba. Akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas na Maroko, akwai Afriski a Lesoto inda lokacin ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta, akwai kuma na cikin gini kamar Ski Dubai da aka buɗe a 2005. In hanya ta bi da kai ta irin wannan na cikin gini, darasi biyu a can zai rage maka kwana guda na faɗuwa a dutse.

Inshora da sutura

Inshorar da ake nema wajen bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, mai ɗaukar nauyin jinya har yuro 30,000, ba dole ba ne ta haɗa da wasannin hunturu. Ka karanta takardar, in ba a ambaci zamiya da ceto daga dutse ba, ka ƙara. A Faransa in masu ceto suka sauko da kai daga kan hanya a cikin makarar da suke ja, takardar biya za ta biyo ka, ɗaruruwan yuro, in jirgi mai saukar ungulu ne kuwa dubbai. A yankin Savoie ana sayar da wata inshora mai suna Carré Neige tare da katin hawa, 'yan yuro kaɗan a rana. Italiya kuma tun 1 ga Janairun 2022 ta wajabta wa duk mai zamiya inshorar da za ta biya in ya ji wa wani rauni. Lambar gaggawa a Turai 112 ce, amma ka ajiye ta masu ceton wurin da kake, tana jikin taswirar hanyoyi.

Sutura hawa uku ce: ta jikin fata mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai hana ruwa da iska. Ka guji auduga a jikin fata, don in ta sha gumi ba ta bushewa, kana zama a kujerar igiya mai ɗaukar mutum zuwa saman dutse sai ta koma kamar an manna maka ƙanƙara a baya. Riga da wandon waje ka ara in da hali, ba sai ka saya ba. Inda ba na rowa shi ne safar hannu marar shan ruwa, domin sabon shiga hannunsa a dusa yake wuni. Hular kwano ka haya tare da alluna, kada ka tsaya tambayar ko doka ta tilasta.

Sai rana. Mutane na mamakin a ce rana na ƙona mutum a inda ruwa ke daskarewa, amma haskenta mai cutar da fata na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, sabuwar dusa kuma na mayar da har kashi 80 cikin 100 nasa zuwa fuskarka daga ƙasa. Na ɗauka duhun fatata ya isa kariya. A rana ta uku hancina ya fara saɓa, leɓena ya tsage har ba na iya dariya. Man kare rana, man leɓe, da tabarau na dusa mai rufe ido duka, ko da gari ya yi lumshi.

Takalmi, inda mako ke gyaruwa ko ya lalace

A nan zan daɗe, don a nan na fi shan wuya. Ka je shagon haya da yammacin ranar da ka iso, kada ka bari sai safiyar darasi lokacin da mutum talatin ke tsaye a bayanka. Ka je sanye da safar da za ka yi zamiya da ita: guda ɗaya, doguwa har gwiwa, marar kauri, marar ninki. Ni biyu na saka a karon farko, wai don sanyi, na kuma cusa ƙafar wandon ciki a cikin takalmin. Kafin azahar ƙwaurina ya yi ja wur, yatsuna kuma sun fi na kowa sanyi, saboda matsin ya hana jini gudu. Ba abin da ke shiga takalmin zamiya sai ƙafa da safa ɗaya.

Gwajin haka yake: ka ɗaure maɓallan, ka miƙe tsaye. Ya kamata yatsunka su ɗan taɓa gaban takalmin. Sai ka lanƙwasa gwiwa ka danna ƙwauri gaba, yatsun su ja baya kaɗan su sami sarari. Diddige kuma kada ya ɗaga. In takalmin ya yi maka daɗi kamar silifas tun a shago, ya yi maka girma, ƙafarka za ta riƙa yawo a ciki, allon ba zai ji umarninka ba, farcen babban yatsa kuma zai yi baƙi. In kuwa wani wuri guda na cizonka kamar an sa ƙusa, ka ce a canza. Ka zauna da shi minti goma a shagon, ba wanda zai kore ka. Ko bayan kwana biyu ne ka ji bai yi ba, ka mayar, canji na cikin kuɗin hayar.

Za su tambaye ka nauyinka, da tsayinka, da shekarunka, da iyawarka. Ka faɗi gaskiya, ko da teɓa ta sa kana jin nauyin faɗa. Da waɗannan lambobin suke saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo, domin ya sake ka in ka faɗi. In ya yi tsauri allon ba zai fita ba, gwiwarka ce za ta murɗe a madadinsa. Allunan mai koyo gajeru ne, wajen haɓa suke tsayawa in an jingina su. Ka ɗauki hoton naka da lambarsu a waya, don a ƙofar gidan abinci za ka tarar da ɗari masu kama da su. Da dare kuma ka kai takalmin ɗaki mai ɗumi, kada ka bar shi a mota. Robar da ta kwana a sanyi ba ta buɗuwa da safe, sai ka yi kokawa da ita kamar mai kayar da rago.

Malami, ba aboki ba

Ba a fafe gora ranar tafiya: ka yi rajistar darasi makonni kafin ka taso, ka kuma tabbatar da harshen da za a koyar da kai. A Faransa makarantar da ta fi yaɗuwa ita ce ESF, wadda aka kafa a 1945, malamanta jajayen kaya suke sawa, akwai kuma wasu masu zaman kansu a kusan kowane gari. Darasin rukuni yakan fara Lahadi ko Litinin ya ƙare Juma'a. Na safe ya fi, ƙafa ba ta gaji ba, hanyoyin kuma an daddale su cikin dare. Kafin ka sayi katin hawa ka tambayi makarantar wanne kake bukata. Sau da yawa amsar ita ce babu ko ɗaya a kwana biyun farko, sannan ƙaramin kati na yankin koyo.

Abokinka da ya iya, ko mijinki, ko matarka, kada su koya maka. Ba mugunta gare su ba, sun dai manta yadda tsoro yake. Wani abokin aikina ne ya ja ni sama a rana ta biyu, yana cewa ai wannan hanyar ko jariri zai bi. Na tsaya a bakinta na ga ƙauyen can ƙasa kamar an zuba ashana. Da alluna a kafaɗa na sauko, ina nutsewa har gwiwa a gefen hanya, sa'a guda da rabi, shi kuma yana jirana a ƙasa da kofin shayi yana tambayar me ya tsayar da ni.

Wadda ta koya mini daga baya wata dattijuwa ce mai fuska kamar busasshen fata saboda rana, kuma kalma ɗaya ta yi ta maimaita mini mako guda: gaba. Tsoro na sa mutum ya jingina baya kamar mai ƙin shiga ruwa, kuma da zarar nauyinka ya koma diddige, bakin allunan ya ɗaga, sun daina jin magana, sai gudu. Maganin ya saɓa wa hankali: ka danna ƙwaurinka a jikin harshen takalmi, hannuwa a gaba kamar mai riƙe da tire. Birki shi ne ka haɗa bakin allunan kusa da juna ka buɗe bayansu, iya buɗewarka iya tsayawarka. Juyawa kuma da ƙafar waje ake yi: in hagu za ka, ka taka dama da nauyi. Ka kalli inda kake son zuwa. Wanda ya ƙura wa itace ido, itacen zai je ya runguma, na gwada.

Faɗuwa dole ce, sai dai a iya ta. Ka faɗi ta gefe, a kan cinya, kada ka tokare da hannu, babban yatsa ke tafiya a haka. Kada ka yi yunƙurin tashi kana cikin zamewa, ka bari sai ka tsaya cak, jijiyar gwiwa da yawa a wannan yunƙurin take tsinkewa. Sannan ka juyo da allunan su koma ƙasa da kai, a gicciye da gangaren, ka tura jikinka sama. In abin ya ƙi, cire allo ɗaya ba abin kunya ba ne.

Na'urorin hawa ma sai an koya. Ta farko shimfiɗa ce mai tafiya, tsayawa kawai za ka yi. Ta biyu sanda ce mai faifai a ƙasa da ake sakawa tsakanin cinyoyi ta ja ka: kada ka zauna a kanta, ba kujera ba ce, duk wanda ya zauna ƙasa zai sha. A kujerar igiya ka riƙe sandunanka na dogarawa a hannu ɗaya, ka waiwaya ka ga zuwanta, ka zauna, a sauke ƙarfen tsaro. Wajen sauka ka miƙe kawai ka bar ta ta tura ka. In ka gaya wa mai kula da ita cewa karonka na farko ne, zai rage mata gudu.

Launi da dokar hanya

Da launi ake nuna wahalar kowace hanya. A Faransa kore ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. A Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa, don haka shuɗinsu ya haɗa mai sauƙi ƙwarai da wanda zai tsinka maka zuciya. Amurka da Kanada kuwa koren da'ira, shuɗin murabba'i da baƙin lu'ulu'u suke amfani da su, babu ja. Kowane wuri da kansa yake shafa wa hanyoyinsa launi, saboda haka shuɗin nan ba shuɗin can ba ne, kuma hanyar da ta yi laushi ƙarfe goma na safe tana iya zama tudu-tudu da santsi ƙarfe uku. Malaminka za ka tambaya wacce za ka bi kai kaɗai bayan darasi, da sunanta.

Hukumar wasan ta duniya, FIS, tana da dokoki 10, amma uku za ka riƙe tun ranar farko. Wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai, shi ke da hanya, kai ne za ka kauce masa. Kafin ka tashi ko ka shiga wata hanya, ka dubi sama. Kada kuma ka tsaya a tsakiya ko a bayan tudun da mai saukowa ba zai hango ka ba, ka koma gefe. In ka tarar da wanda ya ji rauni, ka kafa alluna a gicciye sama da shi don a gani, ka kira masu ceto.

Bayan sandunan da ke iyakance hanya wata duniya ce. Ana auna haɗarin zaftarewar dusa daga 1 zuwa 5, kuma kaso mafi girma na masu mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, don mutane na ganin lambar tsakiya ce su saki jiki. Wannan ba naka ba ne a bana, ko baɗi. Hanyar da aka ja wa raga aka ce a rufe take, a rufe take.

Ranar da ba ka son ganin allo

A rana ta uku ko ta huɗu cinyoyinka za su yi tawaye. Ka ba su rabin wuni, don gajiyayyar ƙafa ce ke karyewa, galibi a zagayen da aka ce shi ne na ƙarshe. Kuma in a cikin tafiyar akwai wanda ba ya son zamiya sam, bai yi asara ba. Wurare da yawa na sayar da katin masu tafiya a ƙafa, mai rahusa, ya hau motar igiya ya same ku a sama a ci abinci tare.

A nan ne Chamonix ke biyan bashinsa. Motar igiyar Aiguille du Midi, da aka buɗe a 1955, tana ɗauke ka daga mita 1,035 zuwa 3,842 cikin kusan minti 20. Ka taka a hankali in ka isa, matakala goma za su sa ka haki kamar ka yi tsere, kuma mai ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita. Kada ka sayi tikiti sai ka leƙa kyamarar sama, don kuɗin da yawa ne a biya a kalli hazo. Jan jirgin Montenvers kuma na kai mutum bakin Mer de Glace, daskararren kogin ƙanƙara. Lokacin da na je, matakala fiye da 500 na sauka kafin na taɓa ƙanƙarar, a jikin dutsen kuma an kafa alluna masu nuna inda take a shekarun baya. Na wuce allon 1990 na ci gaba da sauka, na ci gaba da sauka. Ban yi magana da kowa ba a hanyar dawowa.

A Zermatt jirgin Gornergrat, mai aiki tun 1898, yana hawa har mita 3,089. Ka zauna a dama wajen hawa, ta nan Matterhorn yake. Wanda ke son tashar jirgin da ta fi kowace tsayi a Turai sai Jungfraujoch, mita 3,454, amma ni na fi jin daɗin abin da ya fi wannan arha nesa ba kusa ba: amalanken dusa, ɗan katako marar taya da ake zama a kai. Tsakanin Preda da Bergün a Suwizalan ana rufe titin mota a hunturu ya zama hanyar amalanke mai kilomita 6, in ka sauka jirgin ƙasa ya mayar da kai sama. Da diddige ake birki da juyawa. Ka sa hular kwanonka, don abin na kama da wasan yara amma gudunsa ba na yara ba ne. Akwai kuma faffaɗan takalmin taka dusa, mai kamar faifai, wanda duk mai iya tafiya zai iya cikin minti biyar, a bi jagora cikin daji a ga sawun dila da zomo. In jiki ya yi tsami, garuruwa irin su Leukerbad a Suwizalan da Bad Gastein a Ostiriya ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasarsu, ka jiƙa a waje dusa na sauka a kanka.

Abincin dutsen cuku ne da dankali. Wanda ba ya cin naman alade ko abin da aka dafa da giya ya riƙa tambaya: fondue da farar giya ake narka cukunsa, tartiflette da yankakken naman alade a ciki, raclette kuma cuku ne da dankali zalla amma yawanci da busasshen nama a gefe ake kawo shi, sai ka ce a bar naman. Gidajen abincin kan dutse na da tsada, ni burodi da cakulan nake cusawa a aljihu, da ƙaramar gorar ruwa, don iskar sama busasshiya ce, ƙishi na kama mutum bai sani ba.

Ka riƙe lokacin rufe na'urorin hawa, yawanci tsakanin ƙarfe 4 da 5 na yamma, an rubuta a gindin kowacce. Wannan ya fi muhimmanci inda wurare biyu ke haɗe ta sama. Wanda ya tsallaka daga Cervinia zuwa Zermatt ya makara, ya kwana a wata ƙasa ke nan, ko ya biya tasi ta zagaya da shi tsaunuka na sa'o'i. Ranar Juma'a ka mayar da kayan haya da yamma kafin shago ya cika, ka tambaya ko akwai kuɗin ajiya a kan katin hawanka da za a mayar maka, ka kuma rubuta lambar takalmin da ya yi maka daidai da tsawon allunan a wayarka. Ni 27.5 ne da santimita 160, kuma da su na fara magana a shago a hunturu na biyu.